Jingina Halal Ce, Amma A Bar Takardar Gida A Adaka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Wata rana an tashi Islamiyya, sai mahaifiyar wata ɗalibata ta tsaya, ta ce, "Malama, maƙwabciyata za ta tashi, za ta sayar da injin markaɗenta da firiza. Na sami mai ba ni kuɗin, amma ya ce sai na ajiye takardar gidanmu. Ya halatta?" Gidan kuwa na gado ne a Mandawari, da rabon marayu a cikinsa.

Na ce mata jingina halal ce, tana cikin aya ta 283 ta Suratul Baƙara. Ya kuma tabbata Manzon Allah (S.A.W.) ya yi wafati sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir da ya karɓar wa iyalinsa. To amma mu lura, sulke ya bayar, abin da in an rasa shi ba a kwana a waje. Sannan gidan gado ba naki ba ne ke kaɗai. Ba ki da ikon jinginar da rabon wani ba da yardarsa ba, balle na maraya. Mu nan cikin gari mun sani, gidan da ya fita hannu da wuya ya dawo.

To ina mafita? Ta farko, ki fara da mai sayarwa. Ki ba ta abin da ya sawwaƙa daga ɗaukar adashinki, ragowar ku yanka wa'adi, duk wata kaza. Ciniki zuwa ajali ya halatta muddin an tsayar da farashi tun farko, kuma ba zai ƙaru ba don an yi jinkiri. Da rashin tayi akan bar arha.

Ta biyu, tarayya. Ki nemi 'yar uwa mai amana ku haɗa jari, riba bisa yadda kuka shirya, asara gwargwadon jarin kowa. Ba da dukiya a juya ba sabon abu ba ne, da dukiyar Nana Khadija (R.A.) Annabi ya je fatauci Sham.

Ta uku, murabaha, wato banki ya sayi kayan da kansa, ya sayar miki da riba sananniya, ki biya a hankali. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, kuma Kano na cikin garuruwan da ya fara buɗe reshe. TAJBank ya biyo baya a 2019. In kin je, ki tambaya tun farko wane tsaro suke nema. Ki kuma sani, tun 2017 akwai doka a Najeriya da ta amince a jinginar da kadarar da ake iya ɗauka, kamar inji, keken ɗinki ko dabbobi. Kin ga ashe injin ma yana iya tsaya wa kansa.

Duk wadda kika bi, a rubuta, a sa shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kada kunya ta hana ki, ai kunyar yau ta fi sharri gobe a gaban alƙali.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma kasuwa yau riba gobe faɗuwa. In inji ya tafi, a sake nema. In gida ya tafi, ina za ki kai yaran?

Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.