Injin Iskar Da Yake Mutuwa Da Rana Tsaka

A Panteka ta Kaduna akwai wani garejin masu fentin mota da injin iskarsu ya sa su gaba. Kwamfuresa ce mai ƙarfin doki 3, irin wadda ke cika tanki zuwa matsin iska bar 8 ta tsaya, in iska ta sauka wajen bar 6 ta sake tashi da kanta. Shekaru tana aiki ba gardama, sai kwatsam ta canza hali. Da safe ta tashi lafiya, amma da rana ta take sai a ji ƙas, ta yi shiru. A jira ta huce, a danna jan maɓallin da ke jikin moto, ta tashi, can kuma ta sake mutuwa. Mai fenti kuwa in iska ta yanke masa a tsakiyar ƙofar mota, fentin ya ɓaci ke nan, sai an goge an sake.

Maigidan garejin mutum ne mai hanzari. Aka ce masa kondensa ce, ya sayo sabuwa. Aka ce makunnin da ke auna iska ne, shi ma ya canza. Ciwo dai bai tafi ba. Ana jibi za a zo ɗaukar wata mota, babban yaronsa ya ce, "Oga, wannan jan maɓallin shi ke ɓata mana lokaci. Bari in cire shi in haɗa wayar dairek, mu gama aikin mutane."

Har ya ɗauko filaya, sai ga wani dattijo mai naɗin kwayil da ke bayan layinsu ya biyo zai je masallaci. Ya ji maganar, ya tsaya.

"Ɗana, ajiye filayar nan tukuna. Ka san aikin abin da za ka cire?"

"Baba, shi ne ke kashe injin."

"Shi ne ke hana shi ƙonewa. In moto ya ja wuta fiye da ƙima, ya yi zafi, shi yake yanke ta. Maigadi ne yake ihu, kai kuma kana so ka toshe masa baki. Ka cire shi yau, gobe ku kawo mini moton in naɗa muku, kuma ba zan yi muku ragi ba."

Bayan azahar ya dawo da mitarsa. Bai kwance komai ba. Ya ce a kunna, ya tsuguna yana saurare har tanki ya cika injin ya tsaya, aka ji ɗan huci, fss, daga gefen makunnin. Ya gyaɗa kai. Wannan hucin iskar da ta rage a kan fistin ce ake saki domin moto ya tashi ba kaya a kansa. Da bai ji shi ba, da can zai fara nema. Ya zare wayar daga soket, ya sa aka zubar da iskar tanki, domin injin da ke tashi da kansa ba a sa masa hannu yana jone. Ya juya fulin da hannu, yana juyawa sumul, mai yana nan daidai, bel bai yi tauri ba.

Sai ya dubi maigidan. "Alhaji, kafin ta fara wannan hali, me kuka canza?"

"Ba mu canza komai ba, Baba."

Ƙaramin yaron garejin, wanda aikinsa goge mota da samfefa, ya ce a hankali, "Oga, ai da a ciki take. Mun fito da ita gindin darbejiya saboda ƙara."

Babban yaron ya harare shi, dattijo ya ce a ƙyale shi ya ƙarasa. Ashe da aka fito da injin wayarsa ba ta kai ba, aka ƙara da doguwar siririyar waya mai kaurin milimita 1.5, kusan mita 30, ragowar ma a naɗe take a bayan wata tsohuwar taya.

Aka sake jonawa. Ya auna a soket ɗin bango injin yana aiki, mita ta nuna bolt 218, ba laifi ga wutar da ya kamata ta zama 230. Ya je bakin moto ya auna, 190. Ya kira yaran duka su gani da idonsu, ya ce su faɗa masa inda bolt 28 suka shige. Ba wanda ya tanka.

A nan ne ya zauna ya yi musu karatun da nake ganin ya kamata kowane yaron gareji ya samu tun shekararsa ta farko. Moto irin wannan, in ƙarfin wutar da ke isowa gare shi ya ragu, nauyin da yake juyawa bai ragu ba, don haka sai ya ƙara jan wuta ya cike giɓin, jan kuwa zafi yake haifarwa. Moto mai doki 3 yana jan amfiya wajen 13 zuwa 15 in yana gudu, lokacin tashi kuma yana ninka haka sau biyar ko fiye. Siririyar waya mai tsawo tana cinye wani kaso a hanya. Da safe gari da sanyi, maƙwabta masu walda ba su fara ba, sai abin ya ɓuya. Da rana kowa ya kunna nasa, wutar layi ta ɗan sauka, moto ya riga ya ɗumama, sai jan maɓalli ya yi aikinsa.

Amma lissafin bai cika masa ba. Waya irin wannan, a tsawon nan, bai kamata ta ci fiye da bolt 12 ko makamancin haka ba. Ya sa aka kashe aka zare, ya bi wayar da tafin hannu taku bayan taku. A bayan tayar ya tsaya. Wani ƙulli ne da aka murɗa wayoyi biyu aka naɗe da baƙin tef, yana da zafi kamar an ɗauko shi daga wuta. Da ya warware, tagullar ta yi baƙi, rabin silin ya tsintsinke, robar ta narke ta manne. Taku uku daga nan galan ɗin tina ne a ajiye.

Maigidan ya daɗe yana kallon galan ɗin. Ya ce, "Baba, Allah ya saka da alheri. Yanzu me za mu yi?"

"Ku mai da injin kusa da bango, ku ja masa waya mai milimita 4 da birekarsa shi kaɗai, a ɗaure kowane kai da noti, ban da murɗi. In nisa kuke so, ku ƙara tsawon tiyon iska, kada ku ƙara na waya. Yaron nan kuma, in ya yi magana ku riƙa saurare."

Kafin la'asar aka gama. Mita ta nuna 215 a bakin moto, washegari injin ya wuni yana cika yana tsayawa, jan maɓalli bai sake motsi ba, motar mutane ta fita a kan lokaci. Dattijo ya karɓi tsohuwar kondensar da aka jefa a kwandon shara, ya sauke cajinta, ya gwada ta a gabansu. Lafiyarta ƙalau, haka ma tsohon makunnin.