Jarida da Amanar Ƙuri'a

'Yan'uwa, ranar 12 ga Yuni 1993 manoma da masuntan Haɗeja suka bar fadama suka tafi rumfar zaɓe. Jigawa ta ba Moshood Abiola rinjaye, haka ma Kano, mahaifar Bashir Tofa. Tun ba a gama bayyana sakamako ba, jaridar gwamnati ta Kaduna, New Nigerian, ta buga sharhin ɓata zaɓen, har editanta ya ajiye aiki. Ranar 23 ga Yuni gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen.

A ganinmu, jaridar da ta ƙaryata ƙuri'ar masunci don gwaninta ya faɗi ta yi shaidar zur. Amma mu masu karatu fa? Da namu ne ya faɗi, anya ba za mu sayi jaridar muna murna ba?