Sunan Wa Ke Jikin Aikin?

'Yan uwana mata, akwai wasu gidaje a manyan birane irin su Ikko da Abuja da Landan waɗanda ba abin da ake zuwa yi cikinsu sai kallo. Su ne gidajen baje kolin zane-zane na zamani. Za ki ga ɗakuna fes-fes, an rataye zane a bango, an girke sassaƙa a tsakar ɗaki, mutane na bi ɗaya bayan ɗaya suna tsayawa shiru kamar masu sauraron hukunci.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Nike Art Gallery da ke unguwar Lekki a Ikko, bene mai hawa biyar wanda aka buɗe a 2009. Mai gidan mace ce 'yar uwarmu, Nike Davies-Okundaye, gwanar rinin adire na Yarbawa. Ƙullin rogo ake zanawa a jikin farin yadi da gashin kaza, a tsoma a ruwan baba, duk inda ƙullin ya rufe sai ya fito da haske. Da na zaga gidan nan hawa-hawa, abu guda ne ya tsaya mini a rai: kusan duk zanen da na duba da sunan mai shi a gefe. Ko ba ki gane abin da aka zana ba, kin dai san hannun wa ya yi.

To mu fa? Mu ma ai muna da namu baje kolin, jeren ɗakin amarya. Ga faifai, ga tabarma, ga lallen da aka kwana ana zanawa. Sannan ga hular da mace za ta yi makonni tana ɗinkawa a ɗaka, allura ta huda mata yatsa, idonta ya yi ja. Dillaliya ta karɓa a wulaƙance, ɗan kasuwa ya ninka kuɗi, Alhaji ya kafa ranar biki ana ta yaba masa. Wa ya tambayi sunan wadda ta ɗinka? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san wata za ta ce, haba Hajiya, ina kunya? Mace ta gari ai ba ta tallan kanta, kuma aikin da aka yi don a gani ba ya albarka. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ban raina ta ba. Yabon kai jahilci ne. Amma a duba da kyau, wanda ya ɓoye aikinsa da kansa shi ne mai tawali'u, wanda kuwa aka ɓoye masa suna don a saye aikinsa da araha, wannan an ci haƙƙinsa ne. Sau da yawa ƙwarar da ake mana ce muke yi wa laƙabi da kunya.

Ki ciro naira ashirin ki duba bayanta. Matar nan da ke ginin tukwane Ladi Kwali ce, Bagwariya, wadda ta koyi sana'ar a wajen gwaggonta. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau wani Bature, Michael Cardew, ya ga tukwanenta, ta shiga makarantarsa ta ginin tukwane a garin da yanzu ake kira Suleja a 1954, ita ce mace ta farko. Aka baje aikinta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Ashe da an yaba tukwanen nan an yi shiru ba a tambayi mai su ba, da shi ke nan, ta bi sahun dubban mata da suka gina suka tafi ba labari.

Don haka ni a ganina ba sai mace ta buga wa kanta ganga ba, nauyin yana wuyan mu masu saye da masu kallo. In kin sayi hula ko faifai, tambayi wadda ta yi. In an yaba lallen hannunki, faɗi sunan mai zanen, kada ki yi murmushi kawai ki wuce. Ki nuna wa 'yarki tabarmar da kakarta ta saƙa, ki ce mata wannan aikin wance ne. Da sunan nan ne gobe wani zai nemi gidanta kai tsaye, ta faɗi kuɗin aikinta da bakinta.