Wandon Jin: Wa Ke Auna Wa?

A Hausa kalmar «daidai» tana ɗaukar kaya biyu. In tufa ta zauna a jiki, sai mu ce ta yi daidai. In mutum ya aikata abin kirki, nan ma mu ce ya yi daidai. Ni da nike karatun kimiyyar harshe, wannan haɗuwa ta daɗe tana yi mini susa a ka, musamman kan wandon jin na mata. Idan ƴar'uwa ta tsaya gaban tulin bosho a kasuwar Maraɗi ko a Wadata ta Yamai tana zaɓe, wane daidai take nema, kuma wa ke yanke hukunci?

Mu fara da tela. In kin kai masa atamfa, sai ya ɗauko abin awo ya auna ki, sannan ya yanka. Jiki ne gaba, yadi na biye. Jin kuwa an riga an ɗinka shi a wata ƙasa, kan awon wata mace da ba ki taɓa gani ba. Asalinsa ma ba na mata ba ne: a 1873 Levi Strauss da tela Jacob Davis suka samu takardar mallakar fasahar wandon aiki mai ƙusoshi a bakin aljihu, don maza ƴan ƙwadago na Amurka. Sai a 1934 kamfanin Levi's ya fitar da na mata.

Ga kuma rikicin lamba. Wani wando an rubuta masa 38 ko 40 irin na Faransa, wani W28 L32 irin na Amurka, wato ƙugu da tsawon ƙafa a inci, kowane inci santimita 2,54. Kamfani biyu ma suna iya rubuta lamba ɗaya, awon ya bambanta. Amma ku saurari yadda muke magana in wando ya ƙi shiga: «na yi ƙiba», «ba ni da diri». A gidan tela, in riga ta matse, cewa ake tela ya ɓata ɗinki. A gaban jin kuwa, laifin ya tashi daga kan ɗinki ya koma kan jiki. Wannan juyin jimla kaɗai ya isa ya hana yarinya cin tuwon dare, alhali lambar ba ta san ta ba.

Don haka ina ganin alƙali na farko jiki ne, kuma shari'arsa mai sauƙi ce. Ki zaɓi wanda ya ishi ƙugu da cinya, in ya yi baki ta baya ki kai wa tela ya rage. Ragewa na yiwuwa, ƙari kuwa sai wahala. Dabarar nan ta zagaya bakin wando a wuya kintace ce kawai. Gwajin gaskiya shi ne ki zauna, ki durƙusa, ki ɗaga ƙafa kamar za ki hau kabu-kabu. Ki duba ƴar takardar ciki: auduga da ɗan roba kaɗan ya fi numfasawa, domin wanda roba ta yi masa yawa azaba ne a zafin Afrilu. Wandon da ke hana ki sauraren darasi na awa biyu bai yi daidai ba, komai kyansa a madubi.

To, wani zai ce: ina kika bar kunya? Ba ni raina wannan tambaya. «Sutura» daga Larabci ta zo, tushenta rufewa, kuma a bakinmu ta wuce yadi, ta kai ga mutunci da rufin asiri. Ba mu kaɗai muke rayuwa ba. Akwai iyaye, akwai addini, akwai unguwa. Shi ya sa da yawa cikinmu ke sa jin ƙarƙashin doguwar riga ko hijabi, kuma wannan zaɓi ne na hankali. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a miƙa abin awon ga ƴan fada. Saurayin da ke zaune yana shan shayi cikin nasa matsattsen jin, yana jifan mai wucewa da baƙar magana, ba sutura yake karewa ba. Tsiraita mutum da baki ai ya fi tsiraicin tufa muni.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Awon aro ma haka yake, ko daga masana'anta ya fito, ko daga hotunan TikTok, ko daga bakin titi. Duk ukun suna auna mace ba tare da sun tambaye ta ba. A ganina, daidai biyun nan suna haɗuwa ne wuri guda: tufar da za ki sa ki manta da ita. Ba ki jan ta sama, ba ki riƙe numfashi, ba ki fargabar gaida kawunki in kun yi kiciɓis. Wadda ta samu irin wannan wando, ta saya ko da lambarsa 46 ce. In lambar ta dame ta, almakashi na nan.