Hutu a Ƙarƙashin Karkiya

Kowane ɗan Adam yana neman hutu. Manomi yana jiran kaka, falke yana jiran zango, lebura yana jiran faɗuwar rana. Amma akwai wata gajiya wadda tabarma ba ta maganinta, ita ce gajiyar zuciya. Mutum ya kwanta tun lisha, har asalatu idonsa biyu, yana lissafin bashi da abin da iyali za su ci gobe. To, ina maganin wannan?

Maƙwabtanmu Kirista suna da amsa cikin littafinsu, ya kuwa kamata mai karatu ya san ta, ko wane addini ya ke bi. An buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932, bayan Likita Mila, wanda ya zauna a Zariya tun 1905, ya yi shekaru yana juya shi tare da waɗansu malamai. Tun daga sa'an nan Bahaushe Kirista ya ke iya karanta alkawaran da ke ciki da harshen da ya sha a nono.

A cikin Linjilar Matiyu, sura 11, Yesu Almasihu ya kira masu wahala da masu nauyin kaya, ya yi musu alkawarin hutu. Abin mamaki, nan take kuma ya umurce su su ɗauki karkiyarsa. Mutumin Sule Tankarkar ya san karkiya, watau itacen nan da a ke ɗora wa shanun noma a wuya. Ba a taɓa ɗora wa sa karkiya don ya kwanta ba. Amma in an sassaƙa ta daidai, shanu biyu su kan raba nauyin garma, su yi huɗa ba rauni. In ta karkace, sai ta ci wuya. Ashe hutun da aka yi alkawari a tsakiyar aiki a ke samunsa, sa'ad da mutum ya san ba shi kaɗai ke jan kayan ba.

Mu gwada wannan a gona. Ƙasar Gumel damunarta gajera ce, tsofaffi kuwa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Shuka gero da riɗi, da noma, da kai taki, duk suna hannun manomi. Hadari ba ya hannunsa. A sura 6 an ba da misalin tsuntsaye, ba su da rumbu, amma Allah yana ciyad da su. Duba fa, ba tsuntsun da ke wuni cikin sheƙa yana jira. Kiristan da ya gane wannan zai yi nasa da iyakar ƙarfinsa, ya bar wa Ubangiji sauran, ya yi barci.

Mu gwada a kasuwa. Ran Alhamis kasuwar Maigatari ta kan cika da dabbobi. Wanda ya ɓoye aibin sa ya sayar, lalle ya sami kuɗi, amma duk wanda ya yi sallama a ƙofar gidansa sai gabansa ya faɗi. Babu addu'ar da za ta kawo natsuwa a zuciyar da ke riƙe da haƙƙin wani, sai an mayar.

Haka kuma zaman gida da na unguwa. A sura 5 an ce wanda ya kawo baiko, ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya fara zuwa su shirya tukuna. Rigima kan iyakar gona, ko gaba tsakanin miji da mata, ba a tsallake su a sami salama a ɗakin sujada.

Wani zai ce wannan maganar mai ƙoshi ce. To, ya dubi inda aka faɗe ta. Alkawarin salama da ke cikin Linjilar Yahaya, sura 14, an yi shi ne a daren da za a kama mai alkawarin. Bulus kuwa yana ɗaure ya rubuta wa mutanen Filibi su bar damuwa, su kai bukatunsu ga Allah tare da godiya. Mu Musulmi ma ba baƙin wannan magana ba ne, gama Suratur Ra'adi, aya 28, ta nuna da ambaton Allah zukata ke natsuwa.

Saboda haka, ɗan'uwa, in dare ya yi, raba damuwarka kashi biyu. Wadda hannunka zai iya, tashi da sassafe ka yi ta. Wadda ta fi ƙarfinka, miƙa wa Mai ita. In akwai wanda ka zalunta, fara da shi kafin ka ɗauki fartanya.