Wanda Aka Ba Amanar Rufewa

Da wuya ka samu masallacin unguwa a ƙasar Hausa da ba shi da makara jingine a wani lungu, ko rataye ta bayan bango inda ido ba ya yawan kaiwa. Ba ta da mai ita. Wadda ta ɗauki attajirin layi jiya ita za ta ɗauki ɗan dako gobe, kuma ba a biyan kuɗin haya. Mutum ya cika da hantsi, kafin la'asar an yi masa wanka, an suturta shi, an sallace shi a ƙofar gida, an kai shi makwancinsa, har maza sun dawo sun shimfiɗa tabarmi ana karɓar gaisuwa. Saurin abin ne ya sa ba kasafai muke tsayawa mu ƙirga hannuwan da suka yi aikin ba. Akwai dattijon da ake ƙwanƙwasa wa ƙofa ko tsakar dare ne idan namiji ya rasu, akwai tsohuwar da ke wanke mata, akwai mai yanka likkafani, sannan akwai masu haƙa da ke can maƙabarta da diga da shebur tun kafin a iso da gawa. A wurinmu wannan farilla ce da idan wasu suka ɗauka ta faɗi a kan saura, shi ya sa ba ma kiran sa sana'a.

A Amurka kuwa sana'a ce sukutum, da makarantarta da lasisinta. Mai gidan jana'iza shi ke zuwa ya ɗauko gawa daga asibiti ko gida, ya wanke ta, ya zuba mata maganin hana lalacewa, ya yi mata kwalliya, ya sayar wa iyalan akwati, ya cika takardun hukuma, ya shirya motoci da wurin taro. Al'adar zuba wa gawa magani ta kankama ne lokacin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, sa'ad da iyaye ke son a dawo musu da 'ya'yansu da suka mutu a fagen daga mai nisa. Da aka kashe Shugaba Lincoln a 1865 aka zagaya da gawarsa gari-gari cikin jirgin ƙasa mutane suna gani, sai abin ya shiga ran jama'a. Tun daga nan jana'iza ta zama kasuwa, kuma kasuwa mai tsada: yau matsakaicin kuɗin jana'izar da aka yi taro aka binne ya haura dala 8,000. Korafe-korafen tatsar masu makoki sun yi yawa har a 1984 hukuma ta tilasta wa gidajen jana'iza su riƙa nuna farashin kowane abu a rubuce. Bahaushe zai ji wannan ya girgiza kai, kuma yana da gaskiyarsa.

Sai dai a cikin sana'ar nan akwai wani ɓangare da ya isa a tsaya a kansa, wato na baƙaƙen fata a zamanin wariyar launi. A jihohin kudu an raba makarantu da asibitoci da kujerun mota, an kuma raba maƙabartu. Gawar baƙar fata galibi baƙar fata ne ke ɗaukarta. Abin da aka yi don wulaƙanci sai ya haifar da wani abu da masu yin sa ba su hango ba. Malamin makaranta baƙar fata albashinsa na hannun hukumar Turawa, ya buɗe baki a kore shi. Mai noman kashi-mu-raba gonar ba tasa ba ce. Mai aikatau uwar ɗakinta Baturiya ce. Amma mai gidan jana'iza duk masu ba shi abinci 'yan'uwansa ne, ba Baturen da zai iya sallamarsa daga aiki. Shi da fasto ne suka fi kowa 'yancin baki a unguwa, kuma shi ya fi faston kuɗi da motoci.

Motocin ma labari ne. Har cikin shekarun 1960, kusan rabin aikin ɗaukar marasa lafiya zuwa asibiti a Amurka gidajen jana'iza ne ke yin sa, don motarsu ce kaɗai ke da tsawon da mutum zai miƙe a ciki. Wanda zai binne ka wata rana shi ne ke gudu da kai asibiti don kada ka mutu yau. Lokacin da baƙaƙen fata suka ƙaurace wa motocin bas a Montgomery daga Disambar 1955 har tsawon kwana 381, mutumin da ya jagoranci kwamitin sufurin da ke kai jama'a wurin aiki, Rufus Lewis, yana da hannu a gidan jana'izar surukansa.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne A. G. Gaston na Bamingham a jihar Alabama, wanda aka haifa a 1892 ya rasu a 1996. Lebura ne a kamfanin ƙarfe da kwal. Ya lura cewa duk lokacin da wani ma'aikaci ya mutu, sai matarsa ta bi mutane tana roƙon kuɗin binnewa, har wasu marasa tsoron Allah suka mai da roƙon hanyar cin abinci ko ba a yi mutuwa ba. A 1923 ya kafa ƙungiyar binne mamata mai kama da adashi, kowane gida ya zuba 'yan kuɗi kaɗan duk mako, ranar da ta Allah ta kasance ƙungiya ta ɗauki nauyi. Daga nan shi da surukinsa suka buɗe gidan jana'iza, sai kamfanin inshora, sai makarantar koyon aikin ofis, sai masauki a 1954, sai banki. A wannan masaukin Martin Luther King da mutanensa suka sauka a 1963 suka tsara zanga-zangar Bamingham. Gaston bai yarda da duk dabarunsu ba, musamman fitar da yara 'yan makaranta kan titi, har matasa masu zafin kai suna yi masa kallon ɗan amshin shatan Turawa. Amma da aka tsare King, kuɗin Gaston ne suka yi belinsa, kuma masaukinsa ne aka dasa wa bam a watan Mayun shekarar. Kuɗin da aka tara daga sulallan matan leburori don sayen akwatin gawa su ne suka zo suka buɗe ƙofar kurkuku.

Duk da haka, ba Gaston ne ya fi tsaya min a rai ba. Wani mai gidan jana'iza ne a Shikago mai suna A. A. Rayner.

A watan Agustan 1955 aka kashe wani yaro ɗan shekara 14, Emmett Till, a jihar Misisipi inda ya je hutu wurin dangi, bisa zargin ya yi wa wata Baturiya rashin kunya a shago. An ɗauke shi cikin dare, an yi masa dukan da ya ɓata kamanninsa, an harbe shi, an ɗaura masa ƙarfe a wuya an jefa shi kogin Tallahatchie. Bayan kwana uku aka tsamo shi. Hukumomin can sun so a binne shi nan take. Da uwarsa Mamie ta dage sai an kawo mata ɗanta Shikago, aka turo shi a jirgin ƙasa cikin akwati a liƙe, da sharaɗin kada a buɗe. Akwatin ya sauka a hannun Rayner.

A duba matsayin mutumin nan. Duk abin da ya koya a sana'arsa na rufewa ne: a ɗinke rauni, a shafa hoda, a gyara fuska, a miƙa wa uwa ɗanta kamar mai barci don ta samu abin tunawa mai sauƙi. Ga kuma sharaɗin hukuma a kansa. Ga uwa tsaye a gabansa tana cewa sai ta ga ɗanta, ko da ita za ta fasa akwatin da hannunta. Ya buɗe. Da ta gama dubawa, ya tambaye ta ko ya gyara fuskar, ta ce a'a, a bar duniya ta ga abin da ta gani. Ya yi ɗan abin da ya zama dole, ya sa gawar a akwati mai murfin gilashi, aka ajiye a cocin Roberts Temple. Dubban mutane suka yi layi kwana da kwanaki, wasu suna suma. Mujallar Jet ta buga hoton. A watan Satumba masu yanke hukunci, waɗanda duk Turawa ne, suka wanke mutum biyun da aka gurfanar cikin abin da bai fi awa guda da 'yan mintoci ba, daga baya kuma su biyun suka amsa laifin da bakinsu a wata mujalla da ta biya su. Amma hoton ya riga ya fita, kuma ba a iya mai da shi. Ɗan majalisar tarayya ɗaya tilo da ya je ya zauna a kotun, Charles Diggs na Detroit, shi ma ɗan gidan jana'iza ne, sana'ar da ya gada wurin mahaifinsa. Akwatin nan mai murfin gilashi yanzu yana gidan tarihin baƙaƙen fata a birnin Washinton.

Abin lura a nan shi ne, maganar mai aikin gawa tana da nauyi ne saboda a kullum shiru yake yi. Mu ma mun san haka. Ba kowa ake kira wanka ba, sai wanda aka shaida da riƙon amana, domin zai ga abin da mamaci ya ɓoye wa duniya tsawon rayuwarsa: tabo, ciwo, rama, alamar wahalar da babbar riga ta rufe. Addini ya kwaɗaitar da shi ya binne abin da ya gani tare da mai shi. Shi ya sa za ka zauna da mai wankan gawa shekara da shekaru ba ka taɓa jin ya ce wane kaza ba. Wanda ya saba rufa wa bayin Allah asiri haka, ranar da ya ce jama'a ku zo ku gani, ba mai cewa surutu ne. Kuma akwai bambanci tsakanin rufa wa mamaci asiri da rufa wa wanda ya zalunce shi. Rayner ya gane cewa liƙe akwatin nan ba don mutuncin yaron aka yi ba.

Kano ta ga irin nata a watan Afrilun 2020. Gari yana kulle saboda cutar korona, asibitoci da dama sun rage karɓar marasa lafiya, gwaji ya yi ƙaranci. Tunda mu ba ma jiran takardar shaidar mutuwa kafin mu binne, kuma ba a saba binciken gawa ba, babu wani ofishi da ke da lissafin abin da ke faruwa. Masu lissafin su ne masu haƙa. Mutumin da ya san adadin ramukan da yake haƙawa a rana tun yana saurayi ba ya buƙatar na'ura kafin ya san an samu canji. Su ne suka fara gaya wa 'yan jarida cewa gawawwakin da ake kawowa maƙabartu irin su Ɗandolo sun wuce yadda aka saba nesa ba kusa ba, kuma yawancinsu dattawa ne. Da farko gwamnatin jiha ta danganta mace-macen da hawan jini da ciwon sukari da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Sai da tawagar gwamnatin tarayya ta zo ta bi maƙabartu, ta shiga gidaje tana tambayar iyalai yadda ciwon ya kama mamatansu, sannan a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mutuwa 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadi. Abin da masu diga da shebur suka faɗa tun farko, shi masu digiri suka zo suka tabbatar bayan makonni.

Inda muka sha bamban da labarin Alabama shi ne abin da ke aljihu. Gaston da ire-irensa sun iya tsayawa saboda jama'arsu ta ciyar da su har suka ƙoshi. Namu masu haƙan, da yawansu abin da suke samu shi ne ɗan abin da dangin mamaci suka dunƙule suka miƙa a bakin ƙofar maƙabarta, wani ya ba da, wani ya ce Allah ya ba da lada ya wuce. Da damina ƙasa ta rufta, su ne ke bin kaburbura suna cikewa. Su ke sare ciyawa, su ke korar dabbobi, su ke gadin dare saboda ɓata-gari, su ke nemo itace ko fasassun tukwanen da ake jerawa a rufe ramin ciki kafin a kwaɓa ƙasa a liƙe. Ka je bayan shekara biyar ka rasa kabarin mahaifinka, tsohon nan mai yagaggiyar riga ne zai wuce gaba ya nuna maka.

Ba na fatan ranar da za a fara sayar mana da jana'iza, a ce ga ta masu kuɗi ga ta talaka. Jana'izar da ba ta da farashi tana cikin abubuwan da ya kamata mu riƙe da hannu biyu. Amma rashin farashi ba ya nufin ba wanda ke biya. Masu haƙa ne ke biya da ƙarfinsu da lafiyarsu, kuma su ma suna da iyali da kuɗin makaranta da ciwon baya. Unguwar da ke iya tara kuɗin gyaran taransifoma ko sayen janareton masallaci za ta iya ware wani abu duk wata ga masu kula da maƙabartarta, ta saya musu safar hannu da takalman roba da fitila, ta kuma ba su littafi da biro su riƙa rubuta sunan wanda aka binne da ranar da aka binne shi.