Ranar Da Aka Tsallake Sunana



Ƴan uwa, a Maulidin bara da ɗaliban zawiyarmu suka shirya nan Tawa, ni aka ɗora wa tabarmi da ruwan sha. Kwana uku ina jigila bisa babur, har darasi biyu suka wuce ni a jami'a. Daren taro mai gabatarwa ya jero sunayen waɗanda suka yi ɗawainiya, ya tsallake nawa. Ban ce uffan ba. Amma da aka kira zaman shirin zikirin Juma'a, sai na aika cewa ina da jarrabawa, alhali ina kwance a ɗaki. Ran nan dattawa suka yi hailala har magariba babu ruwa a randa, don kowa ya ɗauka ni zan kawo, ni kuwa ina jira a gane rashina.

Tun lokacin nake tambayar kaina: mai aiki don Allah yana da hakkin jin ciwo in an manta da shi?

Amsa mai sauƙi ita ce a'a, riya ce. Imam Gazali ya ware littafi guda cikin Ihya'u a kan son matsayi da riya, ya nuna cewa mutum kan so ya mallaki zukatan mutane kamar yadda yake son mallakar dukiya. Na karanta, na ga kaina a ciki. Da ruwan don Allah kaɗai na kawo, ai Wanda na kawo dominSa bai manta ba. Kuma fushin nawa ba mai gabatarwa ya sama ba, tsofaffi ya sama, waɗanda ba su san ma an yi ba.

Duk ɗan Adar ya san wannan a gona kafin ya san shi a littafi. A Keita, bayan farin 1984, an shiga aikin farfaɗo da ƙasa da taimakon Italiya, ana jera duwatsu a gangaren tsauni don tare ruwa, ana biyan ma'aikata da abinci. Mafi yawansu mata ne, don maza sun tafi cirani. Jerin dutse ba ya tambayar wa ya ɗora wane. In mutum ɗaya ya yi sakaci a nasa gefen, nan ruwan damina zai tattaru ya ɓalle, ya tafi da wahalar na kusa da shi. Wanda ya janye hannu a ɓoye yana ganin nasa kason kawai ya riƙe, alhali ƙofa ya buɗe wa ruwa.

Sai dai ban yarda maganar ta ƙare a kaina ba, kuma nan nake roƙon manyanmu su yi mini uzuri. Akwai masu riƙe kalmar "don Allah muke yi" kamar sanda: su ne a gaban lasifika, ƙanana ne a ƙarƙashin kaya, in ƙaramin ya yi ƙorafi a ce nafsinsa ne bai mutu ba. Ikhlasi abu ne da mutum ke nema daga zuciyarsa. Ba hujja ba ce da zai ci gumin ɗan uwansa da ita. Ranar haƙar Khandaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) da kansa ya ɗauki ƙasa tare da sahabbai har ƙura ta rufe jikinsa mai albarka. Wanda ya fi kowa cancantar ya zauna bai zauna ba.

Ga kuma gulma, wadda ita ce ta kusa raba mu. Maimakon in je wa mai gabatarwa, abokai uku na gaya wa, su kuma suka ƙara gishiri, har aka fara cewa ƴan wata unguwa sun mamaye zawiya.

Daga ƙarshe na kai kaina wurin muƙaddaminmu. Ya saurara har na gama, ya ce: "Ɗana, kai ka nemi gafarar dattawan da ka bari da ƙishirwa. Shi kuma ni zan kira shi." Ya kira shi a gabana. Ashe takardar sunayen ma ba shi ya rubuta ba, miƙa masa aka yi, kuma bai taɓa sanin wanda ke cika randar ba.

Bana an sake raba aiki. Shi ne a ruwa, ni aka ba takardar sunaye, kuma tun jiya nake bin ƴan uwa ɗaya ɗaya ina tambayar wa ya share fili, wa ya wanke kofuna.